DOGARAI DA ALƘALAN LAHIRA A WURIN MISIRAWAN DAURI

Duk inda aka ambaci ƙasar Masar ta zamanin da, abin da ke fara zuwa a zukatan jama'a shi ne Fir'auna, da manyan gine-ginen duwatsun nan masu siffar dala da ke bayan birnin Alƙahira, da kuma gawawwakin sarakuna waɗanda suka yi shekaru dubbai ba su ruɓe ba. Wanda ya ɗan taɓa karatun tarihi kuwa yakan ƙara da sunayen manyan gumakansu, kamar su Ra, gunkin rana, da Osiris, wanda suka ɗauka shi ne sarkin matattu, da Anubis mai kan dila, wanda suka ce shi ke kula da gyaran gawa. To, amma waɗannan manyan fada ne kawai. A bayansu akwai ɗaruruwan ƙananan gumaka da dodanni, waɗanda galibinsu ba a taɓa gina musu ɗakin bauta ba, ko sunayensu ma ba a samunsu sai a bangon kabari, ko a cikin takardun da ake binne gawa tare da su.

Labarin waɗannan ƙanana ya ɓace wa duniya shekaru aru-aru, har sai da wani Bafaranshe mai suna Shampoliyon ya gano yadda ake karanta rubutun Misirawa a shekarar 1822. Bayan shekara 20, watau a 1842, wani Bajamushe mai suna Lepsiyus ya buga tarin addu'o'in da suke rubuta wa mamaci, ya sa masa suna Littafin Matattu, ko da yake masu abin suna kiransa littafin fitowa da rana. Kwafin da ya fi shahara shi ne na wani magatakarda mai suna Ani, wanda ya rayu a birnin Tibis, inda Luksor take a yau, wajen shekara 1250 kafin haihuwar Annabi Isa. Naɗaɗɗiyar takarda ce mai tsawon ƙafa 78, wadda wani Baturen Ingila ya saya a 1888, ya kai ta babban gidan kayan tarihi na Landan.

Wanda duk ya duba waɗannan takardu zai ga cewa Misirawa sun tsara lahirarsu ne kamar fadar babban sarki. Akwai ɗan jagora, akwai mai fito, akwai sarakunan ƙofa, da dogarai, da alƙalai, da shaidu, da magatakarda, har da hauni. A wurin waɗannan ƙananan ma'aikata ne ake gane abin da talakan Masar yake tsoro, da abin da ya ɗauka laifi ne, da kuma wata tambaya da ta dame su shekaru dubbai, watau ko mai dukiya yana iya sayen hanya a lahira kamar yadda yake saye a duniya.

MASU GADIN GAWA

Kogin Nilu ya raba ƙasar Masar gida biyu. Da yake rana tana faɗuwa ne a yamma, sai suka mai da yammacin kogin maƙabarta a manyan biranensu, har suna kiran matattu mutanen yamma. Yammar ita kanta sun siffanta ta da wata mace mai suna Imentet, wadda ke tsaye a bakin hamada tana yi wa mamaci maraba. Mai shige masa gaba kuwa shi ne Wefwawet, gunkin birnin Asyut, mai siffar dila, ma'anar sunansa mai buɗe hanyoyi. A garin Abidos akwai wani daɗaɗɗen gunki da ake kira Kentiamentiyu, watau shugaban mutanen yamma, amma da bautar Osiris ta bunƙasa sai ta haɗiye tasa, sunansa ya koma ɗaya daga cikin laƙabobin Osiris. Ashe ko a tsakanin gumaka, sarki goma zamani goma.

Misirawa sun ɗauka cewa kurwar mutum ba za ta zauna lafiya ba sai jikinsa yana nan, saboda haka suka ƙware wajen busar da gawa. Aikin yakan ci kwana 70, babban abin da suke amfani da shi kuwa ita ce kanwa, irin wadda aka sani a kasuwannin ƙasar Hausa, suna haƙo ta daga wani kwari da har yau ake kira Wadin Naɗrun, watau kwarin kanwa. Sukan fid da kayan ciki, domin su ne ke fara ruɓewa, su busar da su daban, su zuba a tuluna huɗu. Kowane tulu da mai gadinsa, su huɗun kuma ana ce musu 'ya'yan Horus. Imseti mai kan mutum shi ke tsaron hanta. Hafi mai kan gwaggon biri shi ke tsaron huhu. Duwamutef mai kan dila shi ke tsaron tumbi. Kebesenuf mai kan shaho kuwa shi ke tsaron hanji. Su ma masu gadin an ba su mata huɗu masu gadinsu, ciki har da Serket, wadda ake zana ta da kunama a bisa kanta. A kabarin Tutankamun, wanda aka gano a 1922, an tarar da siffofin matan nan huɗu shafe da zinariya, sun buɗe hannuwa sun kewaye akwatin da aka ajiye kayan cikin sarkin.

Zuciya kuwa akan bar ta a cikin gawa, domin a ganinsu nan ne mazaunin hankali da tunani, kuma ita za a nema ranar shari'a.

Akwai kuma Kebehet, 'yar Anubis, wadda ake siffanta ta da macijiya. Sunanta ya fito ne daga kalmar sanyaya ruwa, kuma tana cikin tsofaffin rubuce-rubucen da aka sassaƙa a cikin kaburburan sarakuna a Sakkara fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Aikinta ɗaya ne: ta tari mamaci da tulunan ruwa huɗu, ta wanke shi, ta sanyaya masa zuciya. A wasu kaburbura kuma akan zana mace tana leƙowa daga itacen ɓaure, tana zuba wa mamaci ruwa tana miƙa masa gurasa. Mutanen da suka san ƙishin hamada ba su iya tunanin wata ni'ima da ta fi ruwan sanyi a inuwar itace.

MAI FITO DA SARAKUNAN ƘOFA

Daga nan sai tafiya. Mutumin Masar bai san tafiya ba tare da jirgin ruwa ba, don haka ya sa kogi a hanyar lahira, ya kuma sa mai fito. Sunansa Mahaf, ma'ana mai duban bayansa, kamar yadda matuƙin kwalekwale ke waiwaye. Jirgin kuwa yana hannun wani mai suna Aken, wanda kullum barci yake yi, sai an tashe shi. Ko an tashe shi ma ba a gama ba, gama jirgin a wargaje yake, kuma kowane ɓangare nasa, tun daga turken ɗaure shi har zuwa filafili da abin kwarfe ruwa, sai ya nemi mamaci ya faɗi sunansa na asiri. Wannan shi ne kuɗin fito. Wanda bai sani ba sai ya zauna a gaɓa.

Bayan an haye sai ƙofofi. Wani babi na littafin ya ce bakwai ne, wani kuma ya kai su 21. A kowace daga cikin bakwai ɗin akwai ma'aikata uku: mai tsaron ƙofa, da mai gadi, da mai yin iso. Akan zana su a zaune riƙe da wuƙaƙe, da kawunan kada, ko zaki, ko rago, ko maciji. Sunayensu kaɗai sun isa su tayar da hankali, ga Mai Fuska a Kife, ga Mai Rayuwa da Tsutsotsi. Ana iya ganin zanensu har yau a kabarin Nefertari, matar Ramsis na biyu, wanda aka gano a 1904. Ba su da ruwa da sarauta ko talauci. Abin da suke nema shi ne mamaci ya kira kowannensu da sunansa, gama Misirawa sun ɗauka cewa wanda ya san sunan abu ya sami iko a kansa.

A can ƙuryar hanyar akwai ƙasar Sokar, gunki mai kan shaho, wanda shi ne uban maƙabartar birnin Mamfis. Sun raba dare sa'a 12, suka ce rana tana ratsa lahira a cikin jirgi sa'a bayan sa'a. A sa'a ta huɗu da ta biyar sai ruwa ya ƙare, a shiga rairayi da duhu da macizai, har sai an ja jirgin rana da igiya. Wannan ita ce ƙasar Sokar, inda ko babban gunkinsu ba ya wucewa sai da taimako.

ZAUREN ALƘALAI 42

Ƙarshen tafiyar shi ne zauren shari'a, wanda babi na 125 ya yi bayaninsa. Osiris yana zaune a gadon sarauta, amma masu bin diddigi su ne alƙalai 42, adadin da ya yi daidai da lardunan ƙasar, 22 a kudu, 20 a arewa. Kowane alƙali da garin da ya fito, da kuma laifin da yake tuhuma a kai. Akwai Mai Faɗin Taki, da Mai Rungumar Wuta, da Mai Haɗiye Inuwa, da Mai Karya Ƙashi, da Mai Farin Haƙori, da Mai Shan Jini. A cikinsu akwai Nehebkau, maciji mai ƙafafun mutum, wanda aka ce in mamaci ya tsira shi ne kuma ke ciyar da shi. Mamaci zai tsaya gaban kowannensu, ya kira sunansa, ya rantse bai aikata laifin ba.

Jerin laifuffukan shi ne abin lura. Akwai kisan kai, da sata, da zina, da ƙarya, kamar yadda kowa zai zata. Amma akwai kuma tauye mudun hatsi, da danna ma'auni da hannu, da cin iyakar gonar maƙwabci, da tare ruwa a lokacin da ya kamata ya gangara gonakin wasu, da korar dabbobi daga makiyaya, da raba jariri da nono, da kai ƙarar bara wurin ubangidansa, da sa wani kuka, da sa wani kwana da yunwa. Har laɓewa don jin maganar mutane, da yawan surutu, da saurin fushi, da toshe kunne ga gaskiya, duk an lissafa. Bayan haka mamaci yakan faɗi alherin da ya yi, na ciyar da mayunwaci, da shayar da mai ƙishi, da tufatar da matsiraici, da haye da wanda ba shi da jirgi. Mai karatu zai ga cewa waɗannan ƙorafe-ƙorafen kasuwa ne da gona da cikin unguwa, irin waɗanda ake kai wa gaban alƙali a ko'ina har gobe.

Rantsuwa ba ta isa ba, sai an gwada. Anubis yakan ɗora zuciyar mamaci a gefe ɗaya na ma'auni, a ɗaya gefen kuma gashin jimina guda ɗaya, alamar Ma'at, watau gaskiya da daidaito. Tot, magatakardan gumaka, yana tsaye da alƙalami. A hoton da ke cikin takardar Ani, kusa da ma'aunin akwai shaidu uku da ba kowa ya san su ba. Na farko Shai, wanda shi ne rabon mutum da adadin kwanakinsa. Ta biyu Meskenet, mai kula da haihuwa, wadda ake zana ta a siffar tubali mai kan mace, domin matan Masar a bisa tubala suke durƙusawa in naƙuda ta zo. Ta uku Renenutet, mai reno da shayarwa. Watau waɗanda suka ga zuwan mutum duniya su aka kira su ga ƙarshensa, ba shi da abin da zai ɓoye musu.

A gindin ma'aunin kuwa hauni ke jira. Sunanta Ammit, ma'ana mai cinye matattu. Kanta na kada, ƙirjinta na zaki, gindinta na dorina, dabbobi uku da suka fi kowanne ban tsoro a bakin Nilu. Ba a bauta mata, ba a roƙonta. In zuciya ta rinjayi gashin jimina sai a jefa mata, mutum ya mutu mutuwa ta biyu, ya zama kamar ba a taɓa yinsa ba. Wannan shi ne abin da Bamisire ya fi tsoro. Wanda ya tsira kuwa sai a kai shi wata dausayi mai yawan ruwa da hatsi, ya ci gaba da noma tare da iyalinsa.

KO ANA SAYEN HANYA?

A nan ne gizo ke saƙa. Littafin da ke ɗauke da sunayen ƙofofi da alƙalai saye ake yi, kuma masana sun ƙiyasta kuɗinsa ya kai rabin abin da lebura ke samu a shekara. Har akwai waɗanda ake rubutawa a ajiye, a bar gurbin suna, sai mai saye ya zo a cike. Daɗin daɗawa, akan ɗora wa gawa wata laya ta dutse mai siffar buzuzu a bisa ƙirji, da rubutun da ke roƙon zuciya kada ta ba da shaida a kan mai ita. A hotunan waɗannan takardu kuwa ma'auni a daidaice yake fitowa, Ammit tana kallo. Talakan da aka naɗe a tabarma aka tura cikin rairayi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai kuma waɗanda ba su ji tsoron dodannin ba sam. A shekara ta 16 ta mulkin Ramsis na tara, wajen 1110 kafin haihuwar Annabi Isa, an yi shari'ar ɓarayin kaburbura a Tibis, kuma takardun shari'ar suna nan. Wani mai sassaƙar dutse, Amenfanefer, ya amsa cewa shi da abokansa bakwai sun fasa kabarin sarki Sobekemsaf da na matarsa, suka kwashe zinariya mai nauyin deben 160, watau fiye da kilo 14, suka cinna wa akwatunan gawar wuta. Ya ce an taɓa kama shi, sai ya ba wani magatakarda kasonsa na deben 20 aka sake shi, abokansa suka haɗa masa wani kason, suka koma bakin aikinsu. Mutanen da suka saba ganin toshiyar baki tana buɗe ƙofar kurkuku, ba abin mamaki ba ne su yi zaton laya za ta buɗe ta lahira.

Amma a daidai wannan wuri akwai wata gunkiya wadda ba ta karɓar laya. A bisa kwarin da ake binne sarakuna akwai wani tsauni mai siffar dala, wanda Larabawa ke kira al-Ƙurn. Ma'aikatan da ke haƙa kaburburan sarakuna suna zaune ne a gindinsa, a wani ƙauye mai gidaje kusan 70, wanda ake kira Dair al-Madina a yau. Sun ce tsaunin mazaunin Meretseger ne, macijiya mai fasa kai, ma'anar sunanta mai son shiru. Sun yi imani tana hukunta mai rantsuwar ƙarya da mai taɓa kayan matattu, da sara ko da makanta, tun a nan duniya. Wani ma'aikaci mai suna Neferabu ya bar wani allon dutse, wanda yanzu yake birnin Turin na Italiya, inda ya amsa cewa ya yi wa tsaunin laifi cikin jahilci, aka kama shi da ciwo dare da rana har numfashi ya gagare shi, yana durƙushe kamar mai naƙuda. Da ya ƙasƙantar da kai ya roƙi gafara sai sauƙi ya zo masa kamar iska mai sanyi, shi ya sa ya kafa allon don ya gargaɗi na baya. Bambancin a fili yake: a zauren alƙalai 42 mamaci musun laifi yake yi, a gaban Meretseger kuwa lebura ya amsa nasa. Da aka daina binne sarakuna a kwarin, wajen 1070 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙauyen ya watse, bautarta ta bi shi.

MAI KUƊI DA MAI TABARMA

Misirawa da kansu sun ba da amsar tambayar a wata hikaya da aka samu a takardar ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa. Hikayar ta Setne ce, ɗan sarki Ramsis na biyu, da ɗansa Si-Osire, yaro mai baiwa. Wata rana suka ga an fito da gawar wani attajiri daga Mamfis, da kuka da taro da kayan alfarma, a bayanta kuma ga gawar wani matalauci a naɗe cikin tabarma, ba mai rakiya. Setne ya yi fatan a yi masa irin ta attajirin. Yaron ya ce shi kam fatansa uban ya sami irin rabon matalaucin. Da uban ya ji haushi, sai yaron ya kama hannunsa ya kai shi lahira. A wani zaure suka ga mutum yana kururuwa, an kafa ƙafar ƙyauren ƙofa a cikin idonsa na dama, duk buɗewa da rufewa a kansa take juyawa. A zauren ƙarshe kuma suka ga wani cikin tufafin sarauta yana tsaye kusa da Osiris. Yaron ya ce na farkon shi ne attajirin, an auna an ga muguntarsa ta fi alherinsa. Na biyun shi ne mai tabarma, alherinsa ya rinjaya, aka ba da umurni a kwashe kayan jana'izar attajirin a ba shi. A cikin hikayar ba a tambayi kowa littafi ko laya ba, abin da mutum ya shuka shi ya girba.

Bautar waɗannan gumaka ta shuɗe tun da daɗewa. Addinin Kirista ya bazu a Masar, rubutu na ƙarshe da aka sani da tsoffin haruffansu an sassaƙa shi ne a tsibirin Filai a shekarar 394, sa'an nan Musulunci ya shiga ƙasar da zuwan Amru ɗan Asi tsakanin 639 da 642. Mahaf da Aken, da Kebehet mai tulunan ruwa, da Ammit, duk sun zama zane a bango da kayan kallo a gidajen tarihi na Alƙahira da Landan da Turin. Abin da ya saura a cikin labarinsu shi ne shaidar cewa tun fiye da shekara 3,000 da suka wuce, manoma da masunta na bakin Nilu sun ƙi yarda a ce mai tauye mudu da mai cin iyakar gona za su wuce haka nan ba tambaya, har suka tanadar wa kowane laifi alƙalinsa.